Kafin Ka Cire Lambar Garinku Daga Jikin Mota

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu.

Duk farkon zangon karatu sai wannan maganar ta dawo a guruf ɗinmu na WhatsApp. Wani ya taho da mota daga gida, ko ya ɗoro mashin ɗinsa a bayan tirela, sai ya jefo tambaya: "Jama'a, wai dole ne in canza lamba tunda na dawo nan?" Kafin minti goma amsa ashirin ta sauka. Wasu su ce maza ka cire lambar Kano ka sa ta Legas, in ba haka ba kullum kana hannun jami'ai. Wasu kuma su ce rabu da su, ko takardar Aljanna ka riƙe sai sun tare ka, tunda dai sun ga Bahaushe, don haka kar ma ka wahalar da kanka da wata sabunta takardu.

Ni a ganina duka shawarwarin biyu cutar da mu suke yi. Ta farko tana sa mutum ya kashe kuɗin da bai kamata ya kashe ba, wani lokacin ma ta jefa shi hannun masu lambar bogi. Ta biyu kuwa tana ba mu uzurin sakaci. Abin da nake son mu fahimta shi ne, lambar jiharku halastacciya ce a ko'ina a Najeriya. Abin da ya kamata ya biyo ka daga gida ya zauna daidai shi ne takardun motar, masu rai, na gaske, kuma waɗanda za su nuna alaƙarka da ita.

Bari mu fara da ita lambar. Ofishin lasisin motoci na jiha, wanda a yawancin jihohi yake tare da hukumar tara haraji, shi ne yake yi wa mota rajista. Amma tsarin lambar na ƙasa ne baki ɗaya, yana ƙarƙashin kulawar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988. Tun sabon samfurin da aka fito da shi a 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar ne. KMC na Birnin Kano ne, ZAR na Zariya, KJA na Ikeja, ABJ na Abuja. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati. Lambar ba ta faɗin ƙabilar mai mota, ba ta faɗin addininsa, ba ta ma faɗin inda yake kwana. Inda aka biya kuɗin rajista kawai take nunawa.

Mu da kanmu shaida ne. Ka tsaya a titin Zoo Road a Kano, ko Ahmadu Bello Way a Kaduna, ka ƙirga motoci masu lambar Abuja da Legas. Masu su 'yan gari ne haihuwar nan, wasunsu don gayu suka yi lambar Abuja, wasu kuma da ita suka sayo motar. Ba wanda ya ce musu sai sun canza. To me zai sa KMC ta zama laifi a Ibadan alhali KJA ba laifi ba ce a Fagge? Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yawo da zama a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar nan. Lasisin tuƙinka ma, ko na shekara 3 ne ko na shekara 5, na ƙasa ne. Wanda aka yi a Gusau yana aiki a Fatakwal.

Saboda haka duk wanda ya ce maka doka ta tilasta maka canza lamba don kawai ka zo karatu wata jiha, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, in aka tare ɗalibi a hanya aka riƙe motarsa, sau da yawa lambar ce ta jawo aka tsayar da shi, amma abin da ke cikin aljihun gaban motar ne ya sa aka riƙe shi. Akwai ramuka huɗu da muke yawan faɗawa.

Na farko, motar Baba. Da yawanmu da ke da mota a makaranta ba mu muka saya ba. Ta mahaifi ce, ko ta yaya, ko ta kawu, aka ce tafi da ita ka rage wahalar tasi. A gida wannan ba wani abu ba ne, kowa ya san gidanku, in ma an tare ka waya ɗaya ta isa. Amma a nan, kusan kilomita 1,000 daga gida, jami'i yana kallon takarda da sunan wani, ga lasisi da sunan wani, ga lambar wata jiha mai nisa. Ko kai ne a matsayinsa sai ka yi tambaya, domin haka motar sata take zuwa. Tuƙa motar mahaifinka ba laifi ba ne. Sai dai ka sauƙaƙa wa kanka: kafin ka baro gida, mai motar ya rubuta maka takardar izini da sa hannunsa da lambar wayarsa, ka haɗa da kwafin katin shaidarsa. In kuma kyauta aka ba ka, to a kammala kyautar, a mayar da takardun sunanka.

Na biyu, sayen mota ta hannu ba tare da canjin suna ba. Wannan shi ne mafi haɗari, kuma shi muka fi rainawa. Sai ɗalibi ya tara kuɗi, ya sayi 'yar Corolla ko Golf a hannun dillali, a miƙa masa makulli da tarin takardu masu sunan mutumin da bai taɓa gani ba, ya ce ai shi ke nan. Wani lokacin motar ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowa yana sabunta lasisi da sunan mai ita na farko. Ranar da aka ce an taɓa aikata wani laifi da wannan lambar, ko wani ya fito ya ce tasa ce aka sace, da me za ka kare kanka? Da rasit ɗin da dillali ya rubuta a takardar littafi? A tsarin da ake kai yanzu, lamba tana ɗaure ne da sunan mutumin da ya yi rajistarta. Kana yawo da lambar wani, shi kuma yana can yana ɗauke da alhakin abin da kake yi. Canjin suna yawanci yana buƙatar yarjejeniyar ciniki da shaidu, takardun motar na asali, takardar rantsuwa daga kotu, da tantancewar 'yan sanda. In 'yar waje ce, Beljiyam ko 'yar Kwatano kamar yadda muke cewa, sai ka ga takardun kwastam da idonka, ka kuma duba lambar casis da ke jikin takarda ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfen motar. Harafi ɗaya in ya bambanta, ka riƙe kuɗinka.

Na uku, ejan. Kowa yana da "wani mutumina" da yake yin takardu cikin awa biyu a rabin farashi. Ka tura kuɗi ta waya, ya turo maka hoto, gobe a kawo maka takarda mai sheƙi har da hatimi. Araha dai ba ta ado. Misali mafi sauƙi shi ne inshora. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, abin da take iya biya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. To wanda ya ce zai yi maka ita a ƙasa da haka, me kake tsammani yake sayar maka? Takarda ce kawai da tawada. Kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta sanar da fara matsa lamba a kan wannan inshorar a duk faɗin ƙasa. Yau jami'i ba sai ya yi gardama da kai ba, wayarsa zai ciro ya sa lambar motarka. Kai ma za ka iya yin haka tun kana ɗakinka: akwai rumbun bayanan inshora na NIID, akwai kuma shafin NVIS na hukumar FRSC da ake duba sahihancin lamba. Minti biyar ne da 'yar data.

Ka kuma tuna inshora ba don shingen hanya kaɗai aka yi ta ba. Ranar da tsautsayi ya sa ka daki bayan wata babbar jif a Lekki ko Bodija, kai da kuɗin abincinka na wata bai kai kuɗin fitilarta ɗaya ba, a ranar za ka san bambancin inshorar gaske da ta ejan.

Na huɗu, takardun da suka mutu. Lasisin mota, takardar lafiyar mota da inshora duk shekara-shekara ake sabunta su ga motar gida. Uzurin da aka fi ji shi ne, "sai na koma gida hutu zan sabunta." Takarda ta mutu a watan Maris, hutu sai Agusta, wata biyar kenan kana wasan ɓuya da jami'ai, kana bin lungu kana kauce wa babban titi. A jihohi da dama ofishin lasisi yana karɓar sabunta takardun motar da ke ɗauke da lambar wata jiha. Ka taka da ƙafarka ka je ka tambaya. In kuma ka fi son a yi a gida, ka yi kafin ka taho, ko ka wakilta ɗan uwan da zai shiga ofishin da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai masu mashin, ku ma ga taku. Mun saba a gida mutum ya sayi sabon babur ya yi shekara yana hawa ba lamba, leda ma ba a cire ba. Kar ka kawo wannan ɗabi'ar nan. Babur mara lamba a hannun baƙo, a garin da ake fama da masu ƙwacen waya a kan babur, neman fitina ne da kuɗinka. Sannan ka binciki dokar garin kafin ka biya kuɗin tirela. A Legas, tun 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumbar shekarar kuma aka ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Yankin Yaba da Akoka, inda ɗalibai da yawa suke zaune, yana cikin wannan kewayen. Za ka ce ai kai ba ɗan acaɓa ba ne, ɗalibi ne. Haka ne. Amma lokacin da ake kame, kafin ka gama bayani babur ɗinka yana bayan mota. Kowace jiha da nata tsarin, kamar yadda Kano ta hana acaɓa tun 2013 ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kai kana maganar doka, mu muna maganar rai." Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Wanda ya tuna rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021, ko abin da ya faru da matafiya 16 a Uromi a Maris 2025, ba za ka ce masa tsoronsa na banza ne ba. Kuma gaskiya ne akwai jami'in da da ya hango lambar Arewa yake gyara tsayuwa, ya ɗauka baƙo ne da bai san gari ba, ba shi da wanda zai kira. Ɗan Kudu da ke hawa da lambar Anambra a wasu garuruwanmu shi ma yana da irin labarinsa, in za mu saurare shi.

To amma mu yi lissafi da hankali. Ka canza lamba, ka canza sunan da ke jikin lasisinka? Ka canza harshenka, ko hularka, ko hijabin ƙanwarka da ke zaune a gefe? Wanda ya yi niyyar zalunci da zarar ka sauke gilashi ya gane ka. Sabuwar lamba za ta iya rage yawan tsayar da kai, ban musa ba, amma ba za ta fitar da kai ba in an tsayar da kai babu takarda. Takarda mai kyau kuwa tana fitar da kai ko da wace lamba kake. Mai neman na goro yana neman ƙofa ne, mataccen lasisi, inshorar bogi, sunan da bai dace ba, gilashi mai duhu babu izini. In ya laluba bai samu ba, yawanci ɓata maka lokaci kawai zai yi ya sallame ka, don akwai wasu motocin a baya. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Kuma akwai wani abu da ke damuna game da ɓoye lambar don tsoro. In duk muka cire, lambar Arewa za ta ƙara zama baƙuwa a titunan nan, wanda ya zo bayanmu da ita kuma ya ƙara zama abin kallo. Ni na fi son a saba ganin KMC da ZAR a wurin ajiye motoci na tsangaya, masu su ɗaliban likitanci da shari'a da injiniya, takardunsu cas, har abin ya daina zama labari.

Wannan ba ya nufin yin rajista a nan laifi ne ko cin amanar gida. Akwai lokacin da shi ne daidai. In a nan ka sayi motar, yi rajistarta a nan da sunanka da adireshinka, ba sai ka aika takardu gida ba. In kwas ɗinka na shekara biyar ko shida ne, ko ka san bayan digiri a nan za ka yi bautar ƙasa ka nemi aiki, rajistar nan za ta rage maka zirga-zirga. Akwai ma adalci a ciki: kuɗin rajista da sabuntawa kuɗin shiga ne na jiha, kuma titin wannan jihar kake murzawa kullum. In za ka sa motar a Bolt ko Uber don rage kuɗin makaranta, to ka shiga harkar haya, ita kuma kowace jiha da sharuɗɗanta, sai ka bi su. Kuma wanda ya auna yankin da yake zaune ya ga hankalinsa ya fi kwanciya da lambar gari, ba zan zarge shi ba, shi ya san inda yake kwana. Sharaɗi ɗaya ne: a yi ta ƙofar gaba, a ofishin lasisi, da rasit na gwamnati. Ciro lambar wata mota a ɗaura, ko sa mai fenti ya buga maka, wannan ya mayar da kai daga ɗalibi mai tsoro zuwa wanda ake tuhuma da babban laifi.

Wata gargaɗin kuma ga lauyoyin Facebook ɗinmu. A Oktoban 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Abuja ba su da ikon tare mota, kama ta ko cin tara. Labarin ya zagaye guruf-guruf, har wasu suka adana hotonsa a waya don nuna wa jami'ai. Amma gwamnatin Legas ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba, domin tana da tata dokar sufuri ta 2018. Don haka kar ka tsaya a Ikorodu Road kana karanta wa jami'i hukuncin Abuja. Yadda KAROTA take da ikonta a Kano, haka LASTMA take da nata a Legas. Sanin haƙƙi abu ne mai kyau, amma rabin sani ya fi jahilci jawo wahala. In an tsayar da kai, ka faka da kyau, ka gaisa, ka miƙa abin da aka tambaya. In an ce ka yi laifi, ka nemi a rubuta maka takardar tara ka je ka biya a inda gwamnati ta ce. Ka bar kwafin komai a ɗaki, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Ka yi rajistar motar da ofishin tsaron makaranta in suna ba da sitika, don ita ma shaida ce cewa an san ka a garin.

Daga ƙarshe, ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai, na jihohi da na Arewa baki ɗaya. Muna iya haɗa kuɗi mu yi ranar al'adu, a ci tuwo a sa rawani a ɗauki hoto, kuma hakan yana da kyau. To a ware awa ɗaya cikin taron tarbar sababbin ɗalibai a yi musu wannan bayanin. A san inda ofishin lasisi mafi kusa yake. A samu ɗalibin shari'a ko lauya ɗan uwa da za a iya kira in an riƙe wani. A gaisa da Sarkin Hausawan gari tun babu matsala, ba sai an kai yaro ofishin 'yan sanda da daddare a fara neman lambarsa ba. Motar ɗalibi in aka riƙe ta a makon jarrabawa, ba motar kaɗai ake asara ba, har da kwas ɗin da zai maimaita da kuɗin da iyaye suka tara da ƙyar.

Kai da ke da mota ko mashin, yau in ka dawo daga lakca ka buɗe aljihun motar ka zaro takardun nan. Duba abu uku: sunan wa ke jiki, yaushe za su mutu, kuma in ka sa lambar a intanet tana fitowa? In ukun nan sun yi daidai, bar lambar garinku a inda take. In ɗaya ya karkace, gyara shi a wannan makon.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mayar da mu gida lafiya. Wanda ya san ƙaninsa ko ƙanwarsa na shirin tahowa da abin hawa, ya tura masa wannan tun bai ɗauko hanya ba.